Birkin da Ya Ture Ƙafar Sista

Ranar da Gwaggo Sista ta daki ƙofar gidanta da mota, ba wanda ya ji ciwo sai ƙofar. Ita ma ba wani ciwo ba ne: ganyen hagu ya ɗan lotsa, sakata ta karkace, kazar maƙwabta da ke kiwo a wurin ta yi tsalle ta bar gashi biyu. Amma kafin rana ta karkata labari ya zagaya 'ya'yanta huɗu, kowa ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Ni da ya iso gare ni a ƙarshe, cewa aka yi katanga ta zube.

Na same ta a tsakar gida kan kujerar roba, ta damƙe makullin motar a tafin hannu.

"Gwaggo, me ya faru?"

"Birki ne ya ture mini ƙafa."

"Ya ture ki?"

"Na taka shi, ya tako ni. Ya yi tauri, ya yi ta karkarwa a ƙarƙashin takalmina, wani abu yana gurnani a cikin bonet, mota kuma ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita nake ba. In za ka je ka kai musu rahoto, ka kai daidai."

Yayar mahaifina ce. Shekara talatin da huɗu ta yi tana karɓar haihuwa a babban asibiti, shi ya sa har ta yi ritaya sunan Sista bai bar ta ba. Rabin unguwarmu ta hannunta suka shigo duniya, kuma ba ta manta ko ɗaya ba. Akwai wani mahauci da ya taɓa ɗaga mata murya a kasuwa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ka ƙi yin kuka sai da na daka maka duka a gindi. Ashe ban daka da kyau ba." Har yau in ya hango ta yakan miƙe tsaye.

Tana da shekara arba'in ta koyi tuƙi, bayan ta gaji da tsayuwar jiran bas da fararen kaya. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo motar, ta hannu, doguwa, ruwan toka, mai faɗin baya. Shi kansa bai taɓa tuƙa ta ba. Kujerar gefe ya zaɓa, yana karanta jarida, yana ba da shawarar da ba a nema ba. Shekara ashirin da takwas ke nan motar tana hannunta, babu ko ƙwarzane, don Gwaggo ba ta gudu. Masu keke sukan wuce ta, su gaishe ta, su tambayi yara, su ci gaba. In ta kusa tsayawa kuwa, tun daga nesa take fara lallaɓa birki kamar mai shafa kan jariri.

Kuma motar ba ta ado ba ce. Da ita take kai matan layi awo. Da ita take zuwa ƙarshen gari duk Talata wurin yayarta, wadda ciwon ƙafa ya kwantar, ta wanke mata gyambo ta sake ɗaure shi, don tsohuwar ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai Sista. Gwiwoyin Gwaggo sun fara gardama da ita, motar ce ƙafafunta.

Babban ɗanta, Injiniya, mutumin kirki ne, mai gina gadoji, sai dai a wurinsa duk abin da ya haura shekara ashirin ya isa a rushe a sake. Washegari ya zo da ƙannensa suka cika falo, ni ma aka kira ni don a ce akwai ɗan gidan kawu. Ya yi gyaran murya sau uku.

"Mama, shekarunki sittin da takwas."

"Na sani. Ina wurin aka fara ƙirgawa."

"Yau ƙofa ce. Gobe fa? Yaran layin nan a bakin ƙofar suke wasa."

Wannan ta taɓa ta, na ga ta sunkuyar da kai. Sai ta ɗago ta ce, "Shi ya sa na ce a duba birkin."

"Za a duba. Amma mu yi magana ɗaya. In makanike ya ga laifin mota, a gyara, ki ci gaba da tuƙinki. In bai ga komai ba, to kin ajiye. In samo miki direba."

"Na yarda," in ji ta, don ba ta da shakka ko kaɗan. Ta miƙa masa makullin da hannunta.

Makaniken gidan tun fil'azal shi ne Ba-Matsala. Sunan daga bakinsa ya fito: ko injin ne ya faɗo a tsakiyar titi, abin da zai ce ke nan. Garejinsa rumfar kwano ce mai ramin duba mota guda ɗaya, da benci da aka yi da kujerar tsohuwar bas, da wata ganga ta baƙin mai a kusa da ƙofa. Ya san aikinsa, wannan ba a ƙwace masa. Ya buɗe bonet ya duba man birki, yana nan a cike. Ya shiga rami da tocila ya bi bututun kowace ƙafa, babu yoyo. Ya cire tayoyi ya duba takalman birki, da sauran nama. Ya tayar da inji ya danne birki ya riƙe, ya ƙirga har sittin. Bai nutse ba, wato mastan, famfon da ke tura man birki, lafiyarsa lau. Sannan ya ce a fitar da iska ko da akwai, ya ɗora ni a kujerar direba ya koma ƙasa da sifana.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe. Na ce riƙe, malam, ba saki ba."

Muka zagaye ƙafa huɗu haka, har cinyata ta fara rawa. Ya kawo wata 'yar na'ura ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ta yi ƙyafce-ƙyafce ta ce ba ta ga komai ba.

Gwaggo tana kan benci, jaka a cinya. Ta ce, "To karkarwar fa?"

"Mama, abin da kike kwatantawa aikin ABS ne. Wata na'ura ce da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi a kan santsi. Sai ta riƙa kamawa tana saki da sauri, shi ne ake jin karkarwa a ƙafa. Amma sai ana gudu, ko a kan ruwa, ko yashi. Ke da kike tafiya kamar hawainiya a kan busasshen siminti, me zai tashe ta? Ga fitilarta ma a dashbod, ba ta kama ba."

"Ni dai ta tashi."

"Ba matsala. Yanzu za mu gani."

Ya shiga motar, Injiniya ya zauna a gefe. Ya fita titin bayan gareji ya ba ta wuta yadda ba a taɓa ba ta ba tunda ta zo gidan Gwaggo, sannan ya dira wa birki ƙafa. Mota ta tsaya cak, ƙura ta tashi, Injiniya ya kusa gaisawa da gilashi. Sau biyar suka yi haka. Duk makaniken da na sani haka yake gwada birki, kuma ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba.

Da suka dawo Ba-Matsala bai yarda ya haɗa ido da ita ba. Ya tsaya yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti. "Birkin nan ya fi na motata, Mama."

Injiniya ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya. "Mama, ba abin kunya ba ne. Wataƙila ƙafarki ce ta zame ta taɓa totur. Yana faruwa."

Ta ce, "Wato ban san birki da totur ba."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa." Ta miƙe ta saɓa jakarta. "Magana ɗaya muka yi, ba zan tashe ta ba. Riƙe makullinka."

Ta ƙi shiga motarsa. Da ƙafa ta koma gida, ni ina binta a baya kamar ɗan akuya.

An bar motar a gareji, makulli a aljihun Ba-Matsala, da umarnin kada ya ba kowa. Injiniya ya yi magana da masu sayen tsofaffin motoci su farke, suka ce za su zo ranar Asabar ta sama. Ya kuma aiko direba da mota mai sanyi. Direban ya yi sallama, Gwaggo ta ba shi ruwa, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta duba masa wani ƙurji a wuya ta gaya masa maganin da zai shafa, sannan ta ce ya gaida mai gidansa. Ranar Talata tasi biyu ta hau da tafiyar ƙafa a tsakani, ta je ta wanke wa yayarta ƙafa, ta dawo gwiwoyinta kamar an hura.

Ranar Laraba da safe ta aiko a kira ni. Na same ta a teburin cin abinci da tabarau a hanci, gabanta wani tsohon katin asibiti, ta ja layuka a bayansa da jan biro.

"Zauna. Shekara talatin da huɗu ban taɓa ba mace magani ba sai na tambaye ta: yaushe ciwon yake zuwa, kina me yake zuwa, ta wane gefe. Wannan yaron na gareji bai tambayi motar komai ba. Ya ɗauke ta ya yi ta tsere da ita. Ka taɓa ganin an gwada mai ciwon ciki da gudun fanfalaki?"

Na duba katin. Layi huɗu ne, kowane da rana.

"Gwaggo, huɗu? Ai sau ɗaya muka sani."

"Sau ɗaya kuka sani."

"Kin ɓoye uku?"

"Da na faɗa, da tun na farko sun yi mini taron dangi. Karanta, ka bar wa'azi."

Na karanta. Na farko a bakin asibiti, tana shiga wurin ajiye motoci. Na biyu a layin yayarta. Na uku a gidan mai. Na huɗu ƙofar gida. A gefen kowane ta rubuta abu iri ɗaya: ana dab da tsayawa, tafiya ba ta fi ta mai ƙafa ba, birki a hankali, sitiyari a karye dama.

"Ka gani? Ciwon ba ya zuwa sai an yi tafiya irin tawa. Su kuma ba wanda ya iya tafiya irin tawa. Ɗauko mini lema."

A garejin Ba-Matsala ta zauna kan bencin nan, ta buɗe lema ko da yake akwai rumfa, ta ajiye gorar ruwa a gefe. Ya fito daga ƙarƙashin wata motar ɗaukar kaya ya gaishe ta.

"Mama, Injiniya ya ce kada in ba da makulli."

"Wa ya tambaye ka makulli? Kai za ka tuƙa. Amma yadda na ce."

"Mama, na riga na gwada. Ga aiki ya yi mini yawa."

"Yi aikinka. Ni ba inda za ni, an karɓe mini ƙafafu."

Haka ta wuni. Duk wanda ya kawo mota sai ya gaishe ta, don ko dai ita ta karɓe shi ko ta karɓi ɗansa, kuma duk wanda ya tambayi me take yi a nan sai ta ce, "Ina jiran makanike." In aka ce ai ga shi can, sai ta ce, "A'a, wannan ɗan tsere ne." Ranar Alhamis ta dawo da matashin kai. Ta gyara masa jeren sifanu daga ƙarami zuwa babba, abin da ya sa ya kasa samun ko ɗaya. Ta sa shi ya wanke hannu kafin ya ci abinci, a gaban abokan aikinsa. Da ya yi ƙorafi ta ce, "Kai fa da ƙafa ka so fitowa, ni na juya ka. Tun a ciki kake gaggawa."

Ranar Juma'a da hantsi, saura kwana ɗaya masu farke mota su zo, Ba-Matsala ya kira Injiniya a waya. Ina jin sa yana cewa, "Ranka ya daɗe, akwai matsala." Mutanen gareji suka ajiye aiki suka juyo, don ba a taɓa jin wannan kalma ita kaɗai a bakinsa ba.

Injiniya ya iso da hular aiki a hannu, ransa a ɓace. "Mama, mun yi magana."

"Mun yi. Ka ce in makanike ya duba bai ga komai ba. Bai duba ba tukuna. Gwaji ɗaya nake nema, a gabanka. In ba ta yi ba, ni da kaina zan riƙe wa masu farkewar guduma."

Ya dubi agogo, ya dube ni, na dubi rufin kwano. Ya ce, "Ɗaya."

Ta sa Ba-Matsala a kujerar direba, ta zauna a gefensa, ni da Injiniya a baya. Sannan ta ce a miƙo mata kwanon da ake wanke ƙananan notuna a ciki. Ta zubar da kananzirin, ta cika shi da ruwan gorarta har baki, ta ɗora masa a cinya.

"Za ka zagaya layin nan ka dawo, ka karya dama ka shigo gareji, ka tsaya kafin gangar can. In ɗigo ɗaya ya zuba, ba ka yi tuƙina ba, a sake."

Ko ƙofa ba mu fita ba ya jiƙe har gwiwa. Mutumin nan ya yi shekara ashirin da biyar yana tuƙa motocin mutane, amma ƙafarsa ba ta san a hankali ba. Da ta ji feda sai ta danna. Gwaggo ta sake cika kwano.

"Wannan ba ya cikin lissafi. A hankali. Ɗauka mai naƙuda ce a baya, kuma kan ɗa ya fito."

"Mama, motar za ta mutu."

"Shekara ashirin da takwas ba ta mutu ba."

Karo na biyu ya kai kwanar farko kafin ruwa ya fantsama. Injiniya ya fara cewa, "Mama, an ce ɗaya," ta ɗaga masa yatsa ba tare da ta juyo ba, ya haɗiye sauran. Karo na uku muka zagaya layin gaba ɗaya. Wata mata mai tura baro ta wuce mu. Ba-Matsala yana gumi, idonsa ɗaya a titi ɗaya a kwano, harshe a waje kamar mai zare allura. Muka iso ƙofar gareji, ya karya sitiyari dama, ya ɗora ƙafa a birki a hankali, a hankali.

Sai muka ji gurnani daga cikin bonet, gurrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Gwiwar Ba-Matsala ta hau rawa, ruwan kwano ya yi ta tsalle. Motar ba ta tsaya ba. Ta tafi salo-salo, ba gaggawa, ta je ta dungure gangar baƙin mai, gangar ta yi tunani kaɗan sannan ta kwanta, mai ya malale ƙarƙashin benci.

Gwaggo ta ɗauke kwanon daga cinyarsa ta ajiye a ƙasa.

"Ɗana," ta ce masa da murya mai taushi, "ba abin kunya ba ne. Ko ƙafarka ce ta zame ta taɓa totur?"

Ba-Matsala ya juyo ya dubi Injiniya. "Ranka ya daɗe, wallahi ture ni ya yi."

Daga nan makanikancinsa ya dawo masa. Ya buɗe akwatin fis, ya zare na ABS, ya sake zagayawa a hankali, wannan karon ba kwano. Mota ta tsaya lafiya, sau uku. Ya fito yana murmushi.

"An kama ɓarawo. Na'urar ce take tashi ba dalili. Ba matsala, sai a bar fis ɗin a cire, birki zai yi aiki irin na da. Rabin tsofaffin motocin garin nan haka suke yawo. Fitilar za ta kama, in manna mata baƙin salatif."

Injiniya ya buɗe baki, amma ta riga shi.

"In jariri yana kuka toshe masa baki ake yi? Ai dubawa ake yi a ga abin da ya cije shi. Ranar da aka yi ruwa na taka birki a kan santsi, salatif ɗin ne zai riƙe ni? Mayar da fis ɗinka, ka nemo abin da ya tashe ta. Kuma ka fara da dama, ga katin."

Ya karɓi katin asibitin ya karanta, ya sosa ƙeya. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya cire tayoyi. Ya nuna mana wani ɗan abu kamar yatsa da aka ɗaure a bayan kowace ƙafa, yana fuskantar wani zobe mai haƙora. Sansa ake ce masa; shi ke ƙirga haƙoran nan suna wucewa ya gaya wa na'urar yadda taya ke juyawa. Ya jona mita a na hagu ya juya ƙafar da hannu, allura ta motsa sosai. Ya jona a na dama, da ƙyar ta yi numfashi.

Da ya kwance shi sai ga tsatsa ta taru a ƙarƙashinsa, ta kumbura ta ɗaga shi daga mazauninsa, bakinsa kuma ya yi gemu da garin ƙarfe. Tazarar ba ta fi kaurin farce ba.

"Kun ga abin," in ji shi, yanzu da muryar malami. "Ya yi nisa da haƙoran. In ana gudu yana jin su, don da ƙarfi suke wucewa. In an zo tafiyar Mama sai ƙirgen ya ɓace masa, balle an karya sitiyari waya ta ja. Sai ya ce wa na'ura taya ta ƙame. Ita kuma ta saki birki don ta cece mu. Shi ya sa fitila ba ta kama ba, a ganinta aikinta take yi."

"Wato mai gudu ba zai taɓa gani ba," in ji Injiniya a hankali.

"Ko shekara zai yi."

Ya kankare tsatsar da fayil na gogar ƙarfe har wurin ya yi fari, ya goge bakin sansan, ya shafa ɗan giris, ya mayar ya ɗaure, ya gyara wa wayar zama. Gwaggo ta sa ya yi wa sauran ukun haka, tana tsaye a kansa da lema. Mita ta motsa daidai a ƙafa huɗu. Aka mayar da fis. Ya zagaya sau goma da kansa, ba wanda ya sa shi, a hankali kamar mai rakiyar tsohuwa, yana karya dama yana karya hagu. Ko sau ɗaya ba ta yi gurnani ba.

Ya fito ya tsaya da makulli a hannu, bai san wa zai miƙa wa ba. Injiniya ya karɓa. Bai ba ta nan da nan ba. Katin asibitin yake kallo, wanda aka bari a kan bonet.

"Mama, huɗu na gani a nan."

"Huɗu ne."

"Sau uku birki ya ƙi kama miki, kina ɗauke da matan mutane, ba ki gaya wa kowa ba."

Na zaci za ta yi masa irin ta mahauci. Sai ta naɗe lemarta, ta daɗe tana ɗaure igiyar.

"Wannan laifina ne," ta ce. "Da wata ma'aikaciya ce ta yi haka a ɗakina na haihuwa, da na wanke ta tas. Tsoro na ji. Na san da na buɗe baki ba motar za ku duba ba, ni za ku duba. Kuma ka ga ban yi ƙarya ba."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Ni ma tsoro na ji, Mama. Kullum wayata ta yi ƙara da rana sai gabana ya faɗi."

"To ji nan. Na ga tsufa a jikin mutane fiye da yadda ka ga siminti. Na san yadda yake zuwa, kuma na san zai zo mini. Ranar da idona ko ƙafata suka fara yi mini ƙarya, ni zan kawo maka makullin nan har ofis, ba sai ka tara mini ƙannenka ba. In kuma mota ta sake yin wani abu, ko tari ne, a ranar za ka ji. Amma ba za a ɗora wa ƙafata laifin tsatsa ba."

Ya sa mata makullin a hannu, ya rufe yatsunta a kai da nasa hannun biyu. Sannan ya koma gefe ya kira masu farke mota ya ce kada su wahalar da kansu gobe.

Gwaggo ta shiga, ta matso da kujera gaba, don Ba-Matsala ya tura ta baya, ta gyara madubi, ta ɗaura bel. Ta tayar da inji ta saurare shi kaɗan. Sai ta sauke gilashi ta leƙo.

"Injiniya."

"Na'am, Mama."

"Matsar da motarka, ka tare mini hanya. Akwai mai awo ƙarfe biyu."